Ƙunshin Dattijon Paris

Mu ƴan unguwar Karantina ta Jidda babu wanda ya zaunar da mu ya koya mana gudu, a ciki muka tashi. Mahaifiyar aminina gyaɗa da turare take kasawa a kan zane a bakin titi, cikin jerin matan unguwa. Tun muna ƙanana muka san dokar wurin. Da an yi ihu "Baladiya!", wato ga ma'aikatan hukumar gari masu kwashe kayan talla, ba ka tsayawa tambayar kayan wa ne. Ka tattare zanen da ya fi kusa da kai, ka saɓa a kafaɗa, ka faɗa lungu. In ƙura ta lafa mai kaya za ta zo ta karɓi abinta. Yaron da ya gudu hannu wofi kuwa, sai ya gaji da gori.

Da muka girma, ni da aminin nawa muka sami aiki a shagon kayan gyaran mota a unguwar Bani Malik, a hannun kafili ɗaya, wato maigidan da ya tsaya mana muke zama a ƙasar. Aka rushe Karantina muna ji muna gani. Shi ya kama wa uwarsa ɗaki guda a abin da ya rage na unguwar Nuzla. Ba ta da kowa sai shi, shi ke kai ta asibiti saboda ciwon suga.

Wata shekara, lokacin da zafin Jidda ke dafa mutum da ransa, ɗan kafilinmu ya matsa sai ya je Paris. Sa'anmu ne. Ubansa ya ce ba zai tafi shi kaɗai ba, sai ya zaɓe mu. Abokai ya kira mu, amma mun san ɗaukar jaka za mu yi, kuma ko a jikinmu. Kafili ya tsaya mana aka buga biza a fasfonmu na Najeriya, ƙasar da ba mu taɓa takawa ba. Sannan ya ba mu izinin fita da dawowa. Izinin nan yana da wa'adi. In ya cika kana waje, kuma kafili bai ƙara maka ba, to Jidda ta rufe maka ƙofa, ko da a cikinta aka yanke maka cibiya.

Uwar aminina ba ta so tafiyar ba.

"Ya waladi, me ka ajiye a can?" ta tambaye shi.

"Sati ɗaya ne, ya Ummi. Halas, shi ke nan, kafin ki juya na dawo."

Ba zan ɓoye ba, mun yi ƙauyanci a Paris, kuma mun ji daɗinsa. Aminina ya sayi wata katuwar rigar sanyi ya sa cikin rana tsaka, wai dole hoto ya nuna Turai yake. Muka ci burodi dogo kamar sanda. Muka shiga jirgin ruwa a koginsu, yana ta rantsuwa cewa ruwan bai kai rabin tekunmu kyau ba, amma bai ajiye waya ba har muka sauka. Muka wuce gumaka tsirara muna kawar da kai muna satar kallo. Abin da ya fi burge shi ba gini ba ne. Mun gifta ƴan sanda biyu a wata gada, ya kama hannuna ya ce, "Ka gani? Ko aljihu ban taɓa ba." Duk rayuwarmu, da mun hango kaki hannu ke kaiwa ga iƙama, katin zamanmu.

Fasfo kuwa tun a filin jirgi muka miƙa wa ɗan kafili, ba tare da ya nema ba. Haka muka saba, fasfo a hannun maigida yake zama. Ya zuba su a jakarsa.

Ana gobe za mu koma, muka je gindin hasumiyar ƙarfen nan da kowa ke hoto da ita. Ɗan kafili ya ce shi zai tafi sayo wa ƙannensa turare, mu jira shi. Ya tafi da jakar. A filin akwai baƙar fata irinmu da yawa, sun shimfiɗa zannuwa sun kasa ƴan ƙananan hasumiyoyi na maƙale makulli. Aminina ya durƙusa gaban wani dattijo mai shimfiɗa biyu, yana neman tsarabar uwarsa. Ashe dattijon mutumin Nijar ne. Da ya ji Hausarmu mai rabin Larabci, dariya ya yi har da riƙe ciki.

"Ku kuma ƴan ina ne?"

"Ƴan Jidda, Baba."

"To Allah ya kai mu, ƴaƴana."

Bai rufe baki ba wani ya yi fito daga can gefe. Nan take filin ya ruɗe. Dattijo ya tattare zane ɗaya ya arce. Ni dai ban san lokacin da ƙafafuna suka ɗauke ni ba. Sai da na kai bayan wata motar haya na waiga, na hango aminina da rigar sanyinsa, ya saɓa ɗaya zanen a kafaɗa yana sheƙa gudu, hasumiyoyi na ta ƙara a bayansa. Yana neman lungu, wurin kuma babu lungu. Ƴan sanda suka tare shi a kan ciyawa.

Me zai ce musu? Baƙi ne, ga ƙunshin talla a kafaɗa, ga gudu, ga shi babu takarda ko ɗaya a jikinsa. Ina ihu da Larabci da Hausa cewa baƙo ne, kallo ya zo, suka tura shi mota.

Da ɗan kafili ya dawo ya ji, ya kira ubansa. Ina tsaye ina jin muryar tsohon ta cikin waya. Wai dama shiri ne, yaron guduwa ya yi niyya, har ya fara sana'a. Na karɓi wayar na ce wa tsohon, "Ya ammi, wallahi taimako ne, haka muke yi a Karantina." Ya ce shi bai san wani Karantina ba, mu kai wa ƴan sanda fasfon mu hau jirginmu. Muka kai, suka karɓa, suka ce sai an gama bincike. Washegari muka tashi mu biyu, kujerarsa wayam.

An sake shi bayan mun tafi, amma tikitinsa ya wuce, ba shi da kuɗin wani, wa'adi kuma na matsowa. Na yi ta zarya wurin kafili a ƙara masa wa'adi. Na roƙa a shago, na roƙa a ƙofar masallaci, na tura limamin unguwa. Kafili ya ce wanda ya zubar masa da mutunci a ƙasar mutane ba zai sake shiga shagonsa ba. Wa'adin ya cika. Bizar can ma ta ƙare. Yanzu yana ɗaki ɗaya da mutanen dattijon nan, ba shi da takardar zama a can, ba shi da hanyar dawowa nan. A da yana kirana kullum, yanzu sai in kira ya ƙi ɗauka. Har yau haushin abin bai bar ni ba, kuma na rasa wanda zan huce a kansa.

Uwarsa na yi ta yi wa hanya-hanya, ina cewa takardu ne suka ɗan tsaya. Ranar da wa'adin ya cika na je na zauna a bakin ƙofarta na faɗa mata komai. Ta saurara har na gama, ba ta yi kuka ba.

"To kayan dattijon fa, sun tsira?"

"Ƴan sanda sun kwashe, Khala," na ce, haka nake kiranta, wato inna.



"Ni na koya masa," ta ce.

Tun daga ranar ba ta sake tambayata yaushe zai dawo ba. Asibiti kawai take tuna mini, ni kuma ba kullum kafili ke barina in fita ba.