Madam Alice, Wadda Ba Ta Yarda da Hannun Kowa

Tun kafin masu ƙosai su kafa kasko a unguwar Majidaɗi, Madam Alice ta tsoma hannayenta a ruwan ɗumi tana murza yatsu. Ba zobe, ba awarwaro, rigarta kullum mai duhu ce marar zane, don kada ado ya ɗauke idon kurma daga hannunta. Daga nan sai ta tari keke ta nufi asibiti ko kotu. In ta shiga ɗaki, kafin ta gaisa da kowa sai ta duba inda haske yake shigowa, ta tsaya inda zai faɗa kan yatsunta.

Tafintar kurame ce, a gaban uwa kurma ta tashi, maganar hannu ta fara koya kafin ta baki. Amma abin da Jalingo ta fi saninta da shi zargi ne. Duk wanda ya ce mata ya iya maganar hannu, sai ta kalle shi sama da ƙasa ta ce, "Wa ya gwada ka?" Ni kaina na daɗe ina mata kallon mai baƙin hali, sai da na ji mafarin tambayar daga bakin Lawali, mai shagon walda a unguwar Sintali.

Yayansa Jibrilla kurma ne, kafinta. Ciwon sukari ya ci masa ƙafa, aka kwantar da shi. Likita ya ce sai an yanke daga ƙasan gwiwa, ya ce Lawali ya gaya masa, ya kuma ji ko ya amince. Lawali ya dubi yayansa, tausayi ya kama shi. Sai ya nuna masa da hannu cewa wanke ciwon kawai za a yi. Jibrilla ya yi murna, Lawali ya juya ya ce wa likita, "Ya yarda."

Madam Alice tana bakin gadon gefe wajen wata marar lafiya, kunnenta yana wajen likita, idonta yana kan hannun Lawali. Ta miƙe.

"Dokta, tsaya tukuna. Wannan mutum bai san za a yanke ƙafa ba."

Lawali ya harzuƙa. "Madam, wa ya kira ka a nan? Ɗan'uwana ne fa, ciki ɗaya!"

Ta juya ga Jibrilla ta gaya masa gaskiya da hannu. To, a nan aka yi ta. Jibrilla ya dube ta, ya dubi ƙanensa da suka tashi tare, ya ɗaga mata hannu yana tambaya: ke wace ce? Me zai sa in ƙaryata jinina in gaskata baƙuwa? Likita ma ya nemi ta nuna shaidar cewa ita tafinta ce. Ba ta da komai, shekara da shekaru tana aikin amma ba wanda ya taɓa gwada ta.

Sai ta roƙi likita ya ɗauki biro ya zana a fatar ƙafar daidai inda wuƙa za ta bi. Likita ya ja layi. Jibrilla ya kalli layin ya daɗe, sannan ya kalli Lawali, Lawali ya sunkuyar da kai yana hawaye. Aka ɗage aikin. Jibrilla ya yini yana tambaya, ita tana kai wa likita tana dawo da amsa, kuma duk abin da bakinta ya faɗa da sunansa sai ta maimaita masa da hannu ya gani. Washegari shi da kansa ya ce a yanke.

Tambayar Jibrilla ba ta bar ta ta huta ba. Ta bi ƙungiyar kurame ta garin har suka yarda su riƙa gwada tafintoci da kansu, wanda ya ci a yi masa rajista a ba shi kati, bayan wani lokaci ya dawo a sake gwada shi. Nan ma zargin ya juyo kanta. Wasu suka ce so take ta toshe wa matasa hanya, kurame da dama suka ce so take ta zama shugabarsu ta bayan gida. Ba ta yi musu da kowa ba. Ranar gwajin farko ita ta fara zama kan kujera, cikin masu gwada ta har da Jibrilla da sandarsa, kuma bai raga mata ba ko kaɗan.

Madam, ke ce idon da ba ya gajiya da sa ido. Ke kika hana a yanke wa mutum hukunci yana murmushi bai san me ake ciki ba. Mun kira ki mai tsanani, mun ji haushinki, yau muna jin kunyar hakan.

Bana yatsunta sun fara ƙagewa. Masu gwaji suka ce a sabunta mata kati ba sai ta zauna ba. Ta ce, "Hannun da ya yi nauyi yana cinye magana. Ku gwada ni." Suka gwada, ita da kanta ta ga ta rage sauri, ta ajiye katin a kan tebur ta ce ta gama.

Mun gode, Madam Alice, Allah Ya saka miki. Matasan da za su gaje ta, ku je a gwada ku. Mu kuma masu kurma a gida, mu daina ɓoye masa gaskiya da sunan tausayi.

A taron sallamarta an nemi Jibrilla ya yi jawabi. Ya jingine sandarsa don hannayensa su samu sarari, ya nuna inda ƙafar take a da, wani sabon tafinta mai kati ya faɗa mana da baki: "Ƙafata ta tafi, amma ni na sallame ta."