Baƙin Ƙanena a Ƙofar Banki

Ƙanena ne ɗan garinmu Allakaye na farko da na sani ya shiga irin bankin da ba ya karɓar ajiyar kowa. Ni malamar lakkwal ce, wato makarantar boko, a Bouza, amma sai da ya gaji da bayani kafin na gane. Ba tagar karɓar kuɗi, ba layi. Manyan kamfanoni ne ke zuwa, idan ɗaya zai sayi ɗaya ko suna neman masu zuba jari, su kuma su shiga tsakani. Da na maimaita wa Baba, sai ya ce, "Ashe dillali na. To mi ya kai shi karatu har Dakar? Kasuwar Bangi ba ta ishe shi ba?" Yana faɗa yana dariya, kuma kafin la'asar duk unguwa ta ji.

Abin da aka ba shi a Abidjan sitaj ne, gwaji na ƴan watanni. Su da yawa aka ɗauka, kujerar aikin dindindin kuwa ɗaya ce. Garkar albasar Baba ta riga ta tafi a karatun nan, saboda haka dukanmu muka zuba wa kujerar ido.

Sai kaka ta yi. A wurinmu da gero ya shiga rumbu maza ke watsewa cin rani, kuma in kana da ɗa a garin da za a je, shi ne masaukin kowa. Ba roƙo ba ne, haka muka taras. Baba ya haddace sunan benen da ƙanena ke aiki tamkar Fatiha. Duk ranar da mota za ta tashi yana tasha, yana karanta wa matafiya, yana ɗora musu saƙo: busasshen tumatir, yaji, wani lokaci cuku.

Wata ranar Laraba ƙanena ya kira ni, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Yaya, ki yi ma Baba magana. Yau ma mutanen gida sun zo. Gardi mai tsaron ƙohwa ya kore su, sunka ce mai su dangin mai banki na, sunka shimhiɗa tabarma bakin ƙohwa."

Wani ajiya ya kawo, wani so yake a taimaka masa ya sayi keken ɗinki, wasu gaisuwa ce kawai. Na ce ya daina saukowa mana. Ya ce a cikinsu akwai abokin Baba, wanda ya raɗa masa suna. Ta yaya zai bar shi a rana? Kuma ba a gaida irin wannan mutum a tsaye. Haka ƙanena ya durƙusa a bakin titi cikin kwat, da buhun tumatir a gefensa, daidai lokacin da shugabarsu ke rako wasu manyan baƙi zuwa mota.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ranar Asabar na hau kabu-kabu zuwa gida, na taras da Baba yana tufka igiya a zaure. Na gaishe shi a gajarce, na zube masa komai. Na ce masu bankin nan sirri suke sayarwa, ba sa son taro a ƙofarsu, kuma yaron nan zai rasa kujerar.

Bai ɗaga kai ba. "Ke ɗiyata, sa'ad da nit tahi kurmi cin rani ina saurayi, ɗakin wa na kwana? Uban wanga da kike cewa a bari ga rana, shi ya raba tabarmatai da ni. Yanzu in ce ma ɗanai kar ya je wurin ɗana? In ba su son mutanenai, shi ma ba su son shi."

Na koma Bouza ina huci. Abin da ya fi ƙona ni shi ne, Baba bai yi ƙarya ba, ƙanena ma bai yi laifi ba, kuma ina kallo abin yana lalacewa.

Da sitaj ya ƙare shugabar ta kira shi. Ta yaba aikinsa, ta ce ba wanda ya kai shi iya lissafi, amma bankin yana buƙatar wanda hankalinsa ke wuri ɗaya. Aka bai wa wani kujerar. Ya nemi wasu bankunan, irinsu kuwa ba su da yawa kuma duk sun san juna. Ba wanda ya kira shi.

Da ɗakin haya ya gagare shi, ƴan cin ranin nan ne suka ɗauke shi. Suka matsa masa wuri a ɗakinsu, suka nuna masa inda ake sarin caja da marfin waya, da mahaɗar da ƴan sanda ba su cika kora ba. Can yake har yau. Ya roƙe ni kada Baba ya sani, ya ce sai ya sami wani wurin. Shekaru sun wuce, ya daina ma aika takardun neman aiki.

Da damina ta faɗi ƴan cin rani suna dawowa, kowa sai ya biyo zauren Baba. Mutanen da ke kwana ɗaki ɗaya da shi ne, sun san komai. Ban taɓa jin ɗaya ya yi suɓul da baka ba. "Shina gaishe ka, Baba, aiki ya yi mai yawa." Baba ya gyaɗa kai, ya sa musu albarka.

Idanunsa sun fara mutuwa yanzu, ba ya iya zuwa tasha. Bana da na je, ya laluba ya kama hannuna, ya ce in roƙi masu bankin nan su ba yaron hutu ko na mako guda, ya zo ya gan shi tun yana iya gani. Na kira ƙanena na faɗa masa. Ina jin ƙarar motoci a bayansa, wani yana tambayarsa kuɗin caja. Ya ce, "Yaya, ki ce mai sun hana."