Sai da Ka Mutu Suka Ce Ka San Besbol

Ranar Talata, huɗu ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran Eulogio Pimentel, wanda duk garin Consuelo ke kira Papa Logio. Ciwon zuciya ne ya kayar da shi a ƙofar gidansa da hantsi. Ni Nereida, mai soya ayaba a bakin filin besbol, wasan da ake buga ƙwallo da sanda, na sha kukana, amma fushin da ke raina ya fi hawayen yawa.

Papa Logio, kai ba koci ba ne. Tsohon ma'aikacin kamfanin rake ne kai mai son kallon yara suna wasa. Duk yaron da aka sallamo daga ƙungiya ya dawo gari kansa a sunkuye, kai ne farkon mai zuwa gaishe shi. Sau nawa ka sa na zuba wa irinsu ayaba da kifi, ka ce kada in faɗi wanda ya saya?

A garin nan mun taso da imani ɗaya: namiji kai wa ƙwallo bugu yake yi, ko ta ina ta zo. Sai ga Eudis, ɗan maƙwabcinka, wanda wata ƙungiyar Amurka ta ɗauka yana ɗan shekara sha shida. Shi ido gare shi. In an jefo ƙwallo a karkace, sai ya ƙyale ta ta wuce, kuma doka ta ce in aka yi masa haka sau huɗu, ya taka zuwa zangon farko na filin ba tare da ya buga ba, riba ce ga ƙungiyarsa. Kai ka ce wannan baiwa ce, a ba shi shekaru ya yi ƙwari. Majalisar masu zaman wasan domino ta shagon Chucho kuwa ta ce tsoro ne.

Ina ji da kunnena Chucho ya ce maka, "Haba tsoho, an ba yaro sanda ya tsaya kamar mai jiran mota! Wannan ai kakata ma za ta iya."

Ka ce, "To kawo kakar taka, ƙila ta fi ka gani."

Aka yi dariya, amma ba a tsaya nan ba. Sun bi yaron a rediyo, sun bi shi a waya, sun laƙaba masa suna Gunki. Da ya zo hutu ya buga a filinmu, manyan mutane masu jikoki suka riƙa yi masa kukan kaza, wai shi matsoraci ne. Ka miƙe da sandar dogarawarka kana cewa, "Eudis, rabu da su, bi idonka!" Suka jefe ka da ɓawon lemo. Mutum mai shekara saba'in da wani abu!

Yaro yaro ne, ya gaji da zagi. Ya koma Amurka yana kai wa kowace ƙwallo bugu don ya nuna musu shi namiji ne, ya yi ta dukan iska, aka sallame shi yana da shekara ashirin. Ya dawo ya hau acaɓa. Waɗanda suka tura shi ramin su ne suka ce, "Ai dama mun faɗa."

Kai ba ka haƙura ba. Da ciwonka, likita yana hana ka, ka yi ta hawa motar haya zuwa birnin San Pedro kana roƙon masu neman 'yan wasa, har wani ya yarda zai sake gwada Eudis ranar Asabar. Talata ka faɗi.

A zaman makokinka suka zo da fararen riguna, suna shan kofin gidanka. Chucho ya girgiza kai ya ce, "Kai, marigayi ya san besbol." Na kusa watsa masa kofin a fuska. Darajar gawarka ce ta riƙe hannuna.

Da za a rufe akwati, Eudis ya matso ya ajiye sandar wasansa a gefenka. Matarka, Mama Ercilia, ta zare ta ta miƙa masa. Ta ce, "Ɗana, mijina bai taɓa buga ƙwallo ba a rayuwarsa, me zai yi da ita? Asabar za ka je." Ya karɓa don kunya.

Asabar da safe ina hura wuta na hango shi a kan babur, a daidai lokacin da ya kamata yana San Pedro. Bai je ba, Papa Logio. Fasinjan da ke bayansa kuwa Chucho ne, yana ɗaga murya yana bayanin wani sabon yaro ɗan sha shida da ya ce ba zai kai ko'ina ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya ba ka hutawa. Allah Ya ba Mama Ercilia da 'ya'yanka Belkis da Ramoncito haƙurin rashinka, Ya duba Eudis da idon rahama. Su kuwa 'yan majalisa, kai ka iya yafiya, ƙila ka yafe musu. Ni dai ban yafe ba.