Zoben Da Ban Gama Gwadawa Ba

A shekarun da nake ba ku labari, ni mai naɗin wayar injuna ne a Gusau, mai yawan shiru da dogon buri. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne zoben tagullar da ke kan amecha, wato sandar da ke juyawa a cikin inji, wanda wani baƙin abu mai tauri ke riƙe yankunansa, yana kuma hana wuta tsallakawa tsakaninsu. Nakan ɗaga shi a hasken hantsi ina juyawa a hankali, har hayaniyar kasuwa ta yi mini nisa. Sai in ga kaina da masana'anta a unguwar Damba, motoci suna lodin zoben da aka zuba a Zamfara.

Na fara haɗa nawa da gam da garin dutsen da na ɗebo a Kwatarkwashi. Na zuba, na gasa a garwashi, ya fito sumul, in an ƙwanƙwasa yana amsawa kamar tangaran. Dattijon da ya koya mini sana'a ya duba, ya ce zafi kaɗai ba gwaji ba ne, sai an juya shi da gudu yana da zafi, cikin akwatin ƙarfe, kwana da kwanaki. Na ce to, Baba, amma zuciyata tana can tana gina masana'anta.

Ana nan sai aminina, mai walda a Tsafe, ya kawo injin yankan ƙarfensa gyara. Na saka masa zobena ban gaya masa ba. Bayan kwanaki yana cikin aiki, haɗin ya yi laushi, tagullar ta tarwatse ta ramukan iska, wani ɓarɓashi ya shige idonsa na hagu. A gadon asibiti na faɗa masa gaskiya. Ya ce da na tambaye shi da ya yarda, sai dai da ya sa gilashin kariya. Idon bai ƙara gani ba.

Na gane cewa buri ba laifi ba ne, gaggawa da ɓoye-ɓoye ne suka cuce mu. 'Yan'uwana masu sana'a, abin da ba ku gama gwadawa ba, kada ku miƙa shi hannun wanda ya amince muku. Har yau in na je Tsafe, sai ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya kafin ya gan ni.