Goran Baba a Zauren Tarihi

Shekarar da aka yi nunin kayan tarihi da zane-zane a Haɗejiya, ni na kai goran Baba. Gora ne na su, wato kamun kifi, irin ƙaton nan da masunci yake kifa cikinsa a kai ya bi ruwa, in ya kama kifi ya jefa ta bakin. Baba da kansa ya shuka dumansa tun ba a haife ni ba, kuma akwai tsohon ɗinki a wuyansa. Wata malama mai kula da zauren nunin ce ta zo shagona karɓar ɗinki, hira ta kai mu kan goran, ta roƙe ni aro. Na ce to, sannan na kasa cin abinci.

Da na je ƙauyenmu a ƙasar Guri, Baba ya daɗe yana shafa goran. Idonsa ya yi rauni, amma bai daina shiga tafki ba in ruwa ya ja baya. Abu ɗaya ya faɗa: "Yadda ka ɗauka, haka za ka dawo mini da shi."

Na naɗe shi da bargo, na biya kuɗin kujera biyu a mota, na rungume shi har gari. Duk ramin da muka faɗa sai na yi salati, har direba ya tambaya ko mara lafiya na ɗauko.

Amma da na shiga zauren, wallahi sai na ji kamar yaro ranar Sallah. Ga akusa da faya-fayai, ga tsofaffin hotunan ganuwa da gada, ga zanen ɗalibai na kogi da tsuntsayensa, wani ma ya yi wa balbela kitso. A tsakiya aka girke goranmu kan tabarma. Namu! Na tsaya kusa da shi ina murmushi kamar ni aka zo kallo. 'Yan makaranta suna leƙa bakinsa suna toshe hanci, ni kuwa ina ta bayani, har da abin da ba a tambaye ni ba. Duk da haka idona yana kan yatsun kowa.

Can da hantsi sai ga maƙwabcina, Bafulatani mai sayar da shanu, mutum mai tumbi. Mu da muke da jinin Barebari, wasa ne tsakaninmu da su tun kakanni. Ya dubi goran ya ce ashe wannan ne jirgin saman bayinsa, ya miƙa wa wani wayarsa, ya fara naɗe babbar riga zai kifa a kai a ɗauke shi hoto.

A ruwa, ruwan ne yake ɗaukar nauyin mutum. A kan siminti kuwa goran ne zai ɗauka shi kaɗai. Na sha gabansa na ce, "Alhaji, ka rufa mini asiri. Ba a hawansa a tudu, sai a ruwa."

"To ga kogi can, bawana," in ji shi. "Mu je ka hau mu gani."

'Yan makaranta suka ɗauka da sowa. Malamar ta ce ai ganin abu yana aiki ya fi ganinsa a ajiye, in na yarda. Na so in ce rabona da hawa gora tun ina firamare. Bakina dai ya ce to.

Haka muka fito, ni a gaba da gora a ka, bayana ɗalibai da malamansu da masu tallan gyaɗa, har da waɗanda ba su san inda za a je ba. Ina tafe ina dariya, ina kuma lissafin kututture da dutse da duk abin da zai iya ɓuya a ƙarƙashin ruwa. A bakin kogi na shiga da ƙafa na lalube wurin sosai, har Alhaji ya tambaya ko allurata ce ta faɗi.

Na yi bisimilla na kifa. Goran ya juya, na sha ruwa, gaɓa ta kaure da dariya. Na sake hawa, ya sake kayar da ni. Sai a na gaba cikina ya tuna wurin zamansa. Na ji ruwa ya ɗauke mu, hannuwana suna tuƙi da kansu, garin yana matsawa baya. Na yi ta ƙyalƙyala dariya ni kaɗai, ina ɗaga wa mutane hannu kamar mai tafiya Makka. Da na tuna ɗinkin wuya sai na kasa kunne ko ruwa yana shiga. Shiru. Na ƙara tafiya kaɗan.

Da na fito na roƙi malamar ta bar ni in mayar da shi a ranar, don zuciyata ba za ta iya wani yinin ba. Ta yi dariya ta amince.

Na iske Baba a zauren gidanmu bayan la'asar. Ya karɓa, ya bi shi da tafin hannu ko'ina, ya ƙwanƙwasa, ya tsaya a kan ɗinkin. Ya ce lafiyarsa lau, amma da danshi. Na ba shi labari duka. Ya zura hannu ciki har kafaɗa, ya laluba, ya ce, "Ka shiga kogin Haɗejiya da gorana, ka dawo mini ko tarwaɗa ɗaya babu?"