Ɗantsoho Mai Ƙirga Gaggafa a Aljirif

Idan ruwan bahar, wato babban koginmu, ya janye bayan cikar damina, da an sallame sallar asuba a Aljirif za ka ga wani tsoho dogo ya gangara mashigi da butar shayi da igiyar kaba a kafaɗa. Ba ya ɗaukar taru a irin waɗannan ranakun. Zai tura kwalekwalensa ya bi gaɓa a hankali, kansa a sama, yana duba ƙololuwar gawo da bagaruwa. Inda ya ga sheƙar gaggafa mai farin kai, wadda ke cin kifi, da mace da namiji a kusa, sai ya ƙulla igiyar sau ɗaya. Shekara ta ƙare, ya rataye igiyar a ɗakinsa ya murɗa sabuwa. Wannan shi ne Ɗantsoho Lawal, kuma shekara talatin da huɗu ke nan yana wannan aiki ba wanda ya sa shi.

To, da farko dai an sa shi. Wani ma'aikacin kula da namun daji ne ya ɗauki hayar kwalekwalensa damina biyu yana ƙirga tsuntsaye, daga nan aka yi masa canjin wurin aiki, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ɗantsoho bai iya rubutun boko ba, amma ya riƙe magana guda da mutumin ya faɗa masa: gaggafa ba ta cin komai sai abin da ruwa ya ba ta, saboda haka idan ruwa ya yi ciwo ita za ta fara nunawa.

Igiyar shekarar farko ƙulli goma sha tara ce. Bayan shekara takwas ta dawo huɗu.

Ku ji kuskurenmu. Yawancin masuntanmu na Aljirif daga gonakin audugar Jazira iyayensu suka zo, kuma can suka ga yadda maganin feshi ke tayar da kifi sama a cikin magudanan ruwa. Sai suka zo da dabarar birni. A zuba rabin gwangwani a wani lungun ruwa, kafin hantsi a kwashi kifi da kwando. Ni da ke sayen kifi ina kaiwa kasuwar Morada a Umdurman, na saya, ba zan yi ƙarya ba. Da gaggafa ta ragu kuwa murna aka yi, wai ɓarayin kifi sun yi ƙaura.

Ɗantsoho ya bi masuntan ɗaya bayan ɗaya yana roƙon su daina zuba maganin, aka mai da shi abin dariya, aka laƙaba masa Limamin Tsuntsaye. Ya daina kamun kifi a wannan yankin, yana tuƙi har nesa can sama da ruwa, ya dawo da ɗan abin da bai cika kwando ba. Matarsa Barira ce ta riƙe gidan da sayar da shayi a bakin wuraren gasa bulo. Na taɓa jin ta ce masa, "Malam, tsuntsayen nan naka ko sun taɓa tambayar me muka ci?" Ta faɗa, amma washegari ita ta dafa masa shayin fita.

Ranar da abin ya juya, ina wurin. Wata Juma'a bayan an sauko, ya shimfiɗa igiyoyinsa tara a kan yashi a ƙofar masallaci, a jere. Ya buɗe buhu ya fito da gaggafa matacciya, fikafikanta sun sandare. Zailani, babban masunta, ya kece da dariya.

"Ya zol, bawan Allah, jana'iza ka kawo mana? Ai da ka faɗa tun da wuri mun tsaya da alwala."

"Ba jana'iza ba ce, Zailani. Tsaraba na kawo maka."

Ya sake sa hannu a buhun ya ciro ƙaton karfasa, an ɗan yagi gefensa.

"Wannan take ci na same ta, a lungun da ka yi zubi shekaranjiya. Kifi ne mai kyau, kaɗan ta taɓa. Ungo, kai wa matarka Kande ta soya wa 'ya'yanka."

Zailani ya kalli kifin, ya kalli tsuntsuwar. Hannunsa bai motsa ba.

"Karɓi mana, ɗan'uwana. Ko na 'ya'yan mutanen Umbadda masu saye a kasuwa ne kawai?"

Babu wanda ya yi dariya. Limamin masallacin ya durƙusa ya ƙirga ƙullin igiyoyin da yatsa, daga sha tara har huɗu, sannan ya miƙe. Ba a daina zubin a rana ɗaya ba, kada in ƙara gishiri. An ɗauki damina uku ana jayayya, kuma Zailanin nan ne ya koma yana ƙwace gwangwanaye a hannun masu taurin kai. Igiyar bana ƙulli goma sha ɗaya ce.

Ɗantsoho, kai ne idon bahar lokacin da mu duka muke kallon kwando. Kai ne ka yarda aka yi maka dariya shekara da shekaru don kada yaran da ba ka san sunansu ba su ci guba. Ba a ba ka takardar yabo ba, ba a kira ka a rediyo ba. Mu da muka sayar da kifin nan mun san abin da ka tsare mana ranar gobe. Mun gode, Allah ya saka maka, ya saka wa Barira.

Yanzu hakiya ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma yana bi. Likita ya ce bana ce fitarsa ta ƙarshe. Maganin feshi kuwa har yau yana nan a shaguna, kuma sabbin masunta ba su ga abin da aka shimfiɗa a ƙofar masallaci ba. Na tambaye shi wa zai ci gaba, ya ce, "Duk mai ido biyu da haƙurin ɗaga kai. Sauran zan koya masa a mako guda."

Mako guda ya ce, jama'a. Yana mashigin Aljirif kowace Asabar da sassafe har ruwa ya fara dawowa, kuma kwalekwalen na ɗaukar mutum uku har da shi. Ni na kama wuri ɗaya, duk da ciwon gwiwata. Saura ɗaya.