Fatsar Kaka a Bakin Nilu

Idan sanyi ya shigo Alƙahira, akwai ƙamshin da nake kauce wa. A ƙasan benen da nake zaune a Madinat Nasr akwai mai gasa kifi. Yakan birkiɗa karfasa cikin dusa, ya jera ta a kan faffaɗan ƙarfe mai zafi har dusar ta yi baƙi. Da zafi sai in wuce ban ma lura ba. Amma da sanyi, in hayaƙin nan ya haɗu da danshin safiya ya shiga hancina, sai in ga kaina 'yar shekara goma sha ɗaya, riƙe da gwangwanin tana, ina bin bayan kakana.

Ni a garin nan aka haife ni. Abba direba ne a wani ofis a unguwar Ma'adi, muna zaune a tsallaken layin jirgin ƙasa na metro, ɓangaren da babu inuwar itatuwa, a hawa na biyar. A lokacin Larabcin titi ya fi Hausa zama a bakina. Yawuri da kogin Kwara kuwa a bakin Umma kawai nake jin su.

Kaka mahaifin Umma ne, masunci tun tasowarsa. An kawo shi ne saboda ciwon ciki da ya ƙi jin magani a gida. Dogo ne, ya rame, tafin hannunsa duk sawun igiya. Ranar da ya iso na durƙusa na gaishe shi da karyayyar Hausata, ya dube ni ya dubi Umma.

"Wannan ce amaryar tawa? Ai an cuce ni. Balarabiya aka ba ni, ko gaisuwa ba ta iya ba."

Wannan ce dariyarsa ta farko, kuma an daɗe kafin a ji ta biyu. Makonni yana zaune bakin taga cikin bargo, yana kallon bangon maƙwabta da shanyarsu. Abinci sai an yi da gaske yake kai loma uku. Rannan da hantsi, ina hutun rabin shekara, ya kira ni ya ce, "An ce garin nan akwai kogi. Ina suka ɓoye shi?"

Umma ta ce sam, sanyi zai kwantar da shi. Abba ya ce a bar shi, zaman ɗakin ya fi sanyin illa. Sai Kaka ya laluba aljihun rigarsa ya fito da wani ƙullin tsumma, ya kwance. Ƙugiyoyi ne da zare. Mutumin da aka ɗauko zuwa asibiti, abin da ya ga ya dace ya riƙo ke nan.

Tafiyar ba ta da nisa, amma mukan tsaya ya huta sau huɗu. Ni nake riƙe hannunsa mu tsallaka babban titin bakin ruwa, motoci na ta yi mana hon. Lokacin tsakiyar watan da Misirawa ke kira Tuba ne, wanda sanyinsa ke shiga ƙashi. Ruwa ya ja baya ya bar baƙin taɓo da ciyayi, hayaƙi-hayaƙi na tashi a samansa. Kaka ya sauka a hankali, ya ɗebi ruwan a tafi, ya shinshina, ya shafa a fuska. Ranar ya cinye abincinsa.

A wurin na koyi abin da har yau ban manta ba, ko da yake ban sake riƙe fatsa ba. Ya ce da sanyi kifi ba ya yawo, gangarawa yake ƙasa inda ruwa ke da ɗumi, ya lafe. Ba ya kai wa tana cafka, lasa yake kamar mai jinya. Don haka sai ka ƙara dalma, ka rage tana, ka ɗora zaren a kan ɗan yatsa ka yi shiru. Ni kuwa da na ji motsi sai in fizga, in fito da ƙugiya fayau.

"Amarya, ba kokawa muka zo ba. Bari ya gama shawara."

Akwai wani tsoho Bamisire da ke ɗaure ƙaramin jirginsa a wurin, ina ce masa Ammu, wato baffa. Da farko kallonmu kawai yake yi. Da ya ga yadda Kaka ke ƙulla ƙugiya, sai ya matso ya tsuguna. Daga nan suka ɗinke. Ammu ya dafa shayi a ɗan risho, Kaka ya gyara masa ragarsa, ni ina tsakiya ina juya magana. Sau da yawa ma ba sa bukatata. Ɗaya ya ware hannuwa ya nuna girman kifin da ya taɓa kamawa, ɗayan ya ƙara faɗin nasa, su fashe da dariya. Kaka giwan ruwa yake nema. Ammu ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, wannan sai can kudu, a nan ya yi wuya. Kaka ya nuna wani lungu da ruwa ke juyawa ya ce in gaya masa akwai guda a can, ya ji a jikinsa. Ba mu taɓa kama shi ba. Karfasa muke samu, uku ko huɗu, mu kai wa Umma.

Ana haka ranar komawa asibiti ta zo. An tafi da ni don in riƙe wa Kaka ledar takardu. Likita ya duba hotuna, ya yi wa Kaka murmushi, ya dafa kafaɗarsa. Sannan ya juya wajen Abba ya yi magana ƙasa-ƙasa da Larabci. Ya ce abin ya bazu, aiki ba zai yi amfani ba, saura 'yan watanni, wataƙila ma ba su kai ba. Bai kula da yarinyar da ke tsaye bakin ƙofa ba. A matakala Abba ya ja ni gefe, idonsa ya kaɗa.

"Ba ki ji komai ba. Kin gane? Akwai wani magani da za a gwada. In kakanki ya ji, zai karaya."

Na gyaɗa kai. Ba na ganin laifin Abba, kuma ba na ganin na Umma da ta amince. Shekara goma sha uku ba ta zauna da mahaifinta ba, ga shi an ce mata akwai sauran abin gwadawa.

Bayan kwana biyu muna bakin ruwa, Ammu ya tafi jefa raga, Kaka ya yi magana ba tare da ya ɗauke ido daga zarensa ba.

"Amarya, ke kina jin yarensu. Me mutumin nan ya gaya wa babanki?"

Na ce ban ji sosai ba.

"Kin ji. Na ga fuskarki. Ba tsoro nake ji ba. In babu fata, ki gaya mini in koma gida. Akwai waɗanda zan nemi yafiyarsu baki da baki. Kakarki kuma na ce mata ba zan daɗe ba."

Na kalli gwangwanin tana. Na tuna idon Abba. Na kuma tuna, kuma wannan shi ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu, cewa in ya tafi babu mai sake kira na amarya, babu bakin ruwa, babu shayin Ammu. Na ce, "Ya ce za ka warke. Sai dai a yi haƙuri da magani."

Ya juyo ya dube ni, ya daɗe. Sannan ya ce, "To, alhamdu lillahi. Kakarki ta ƙara haƙuri ke nan." Ya sake ɗaura tana ya jefa.

Sau uku muka ƙara zuwa. Daga nan matakala ta gagare shi. Da iska ta fara ɗumi, har Abba ya fara maganar a mayar da shi gida, likita ya ce jikinsa ba zai ɗauki tafiya ba. Ya rasu wata Talata da hantsi, kansa a cinyar Umma. Aka kai shi wata maƙabarta a bayan gari, cikin yashi. Ɗalibai 'yan ƙasarmu da ke karatu a garin suka cika sahu. Ammu ma ya zo da jallabiyarsa mai ƙarnin kifi, ya tsaya a baya yana share ido da hannun riga.

Sai da na shekara ashirin na taka Yawuri. Kakata ta kai ni bakin Kwara ta nuna mini inda Kaka yake ɗaure jirginsa. Ba da zargi ta yi maganar ba, hira ce kawai. Ta ce, "Bai san ajali ne ba. Da ya sani, wallahi ko a ƙafa sai ya dawo." Na sunkuyar da kai na ce Allah Ya ji ƙansa.

Yanzu bakin ruwan ya canza. An zuba siminti, an kafa fitilu da wuraren shan shayi, taɓon da muke tsugunawa babu shi. Na nemi jirgin Ammu ban samu wanda ya san shi ba. Ni kuma aikina tafinta ne. Mutanenmu da ke zuwa jinya nake rakawa asibitoci, in tsaya tsakaninsu da likita. Kusan kowane wata sai wani ɗa ko wata 'ya sun ja ni gefe a matakala sun ce, "Don Allah kar ki gaya masa." Nakan fahimce su, ba na musu. Abu ɗaya nake roƙo, su bar ni in yi wa tsohon tambaya guda a gabansu. In durƙusa kusa da gadonsa in ce, "Baba, kana so ka ji duk abin da likita ya ce, ko a bar wa yara?"

Wasu sukan ce a bar wa yara, sai in ja bakina. A makon jiya wani dattijo ya kama hannuna ya ce, "Faɗa mini duka, 'yata." Na faɗa masa. Ya rufe ido ya yi salati, sannan ya dubi ɗansa ya ce a nema masa jirgin komawa gida jibi.